Lallen da Ya Hana Ni Jibin Ubangiji

Yaya Dinatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Mama da ƙafarta? Yaya mutanen Wusasa? Mu nan Kano lafiya lau. Gidanmu ƙato ne, har da mangwaron da nake karatu a inuwarsa.

Jikina da sauƙi, amma kada Mama ta ji cikin ya zube. Ranar da abin ya faru maigidana Calvin yana ofis. Maƙwabciyarmu Hajiya Sakinatu ce ta kai ni asibiti a motarta. Da aka sallame ni, ta sa 'yarta ta yi mini lalle don in ɗan saki raina.

Ranar Lahadi a coci na miƙa hannu zan karɓi Jibin Ubangiji, sai Dattijo Bartholomew ya wuce ni da farantin. Bayan sujada shugabar zumuntar mata ta ce, "'Yata, wannan adon duniya ne. Sai ya goge tukuna." Ba wadda ta tambayi abin da ya hana ni zuwa sati uku.

Kin san lallen fata yana fita, na farce kuwa sai farcen ya tofo. Wato sai na jira wata biyar ke nan. A littattafan da nake karantawa, a nan ne miji yake miƙewa ya kare matarsa. Nawa mijin kuwa safar hannu ya sayo mini.

Ki aiko mini da yajin Mama, ki kuma sa ni a addu'a. Jiya na yanke farcen har sai da jini ya fito, amma jan yana nan.

Ƙanwarki,
Loretta