Gwangwanin Kalmomi da Koriyar Tawada

Zuwa ga Malamar Hausa ta aji biyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai ɗimbin yawa, wadda na tsinko kamar furanni na ɗaure da zaren girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da iyali da ɗalibai baki ɗaya. Ina neman afuwa bisa kutsen da na yi cikin lokacinki, domin na san mai fama da alli da hayaniyar yara ba ta da sararin karanta dogon zancen iyaye. Abin da ke ci mini rai ne ya hana ni yin shiru.

Ni ne mahaifin Auta, yarinyar da ke zama kusa da taga. Ina aiki a ofishin ruwa, amma zuciyata tana wurin waƙa, kuma Auta ta tashi ne a gidan da ake shimfiɗa kalma kamar darduma. Tun da kuka fara karanta littafin nan na labarin 'yar masunta, yarinyar da a da sai an roƙe ta ta yi shiru ta koma kamar an ɗinke mata baki. Gwajin kalmomi ya zo, ta faɗi warwas. Jiya kuma a bakin ƙofar makaranta na ji wata tana kiranta, "Ke Ƙamus, ga mawallafinki can ya zo ɗaukarki!" Sauran suka kwashe da dariya.

An ce kin ajiye gwangwani a kan tebur, kowane yaro yana jefa kalmar da bai sani ba. Gafarta mini, Malama, amma anya tallata jahilci hanyar ilimi ce?

Kalma zinariya ce, a kan adana,
Ba a gwangwanin madara take kwana.

Ina jiran bayaninki. Na bar ki lafiya.

Mahaifin Auta

*

Zuwa ga mahaifin Auta,

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa, kuma baitin ya yi daɗi. Gwangwanin na madara ne, gaskiyarka.

Ga yadda muke yi. Kowa ya karanta babi a gida, ya rubuta kalmar da ta shige masa duhu a guntuwar takarda ba tare da suna ba, ya jefa. Ran Alhamis sai in zaro ɗaya. Mu nemo ta a cikin littafin, mu karanta jimlar da ke gabanta da ta bayanta, yara su yi ta cinta har su cimma ma'anar. Daga nan kowa ya sa ta a jimlar kansa. Rashin sunan shi ne ƙashin bayan abin, don kada kowa ya ji kunyar rashin sani.

A farko Auta ta fi kowa jefawa. Na gane rubutunta: tagumi, fatsa, ambaliya. Ranar da muka yi tagumi, ita ta fito gaban allo ta zuba shi, har yara suka tafa.

Sai wata Alhamis na zaro takarda mai santsi, an rubuta "gagarabadau" da koriyar tawada, da lanƙwasa a jelar kowane harafi. Aji ya bi babin layi-layi, babu ita. Na sake zarowa, "kandami", da tawadar nan dai. Ita ma babu. Wani yaro daga bayan aji ya ce, "Malama, ai biron baban Auta ne, da shi yake sa mata hannu a aikin gida, har da waƙa a ƙasa!" Wata ta ce, "To ta tashi ta fassara mana mana, tun da a gidansu ake ƙera su." Na tsawatar, amma magana ta riga ta fita. Auta ta kifa kai a kan tebur.

Tun daga ranar ba ta ƙara jefa komai ba. In na tambaya ko ta gane, sai ta ce, "Na sani, Malama." Ba ta sani ba, gwajin ya nuna. Yarinyar da ke tsoron cewa ban sani ba, ban san ta inda zan koya mata ba.

Wassalam.

Malamar Hausa

*

Zuwa ga Malama mai daraja,

Bayan gaisuwa, wadda a wannan karo nake miƙowa kaina a sunkuye. Na karanta takardarki a ofis, na ninke ta, na sake buɗewa, ina fatan ko kalmomin sun sauya. Ba su sauya ba. Abokin aikina ya ce, "Malam Baiti, lafiya kake gumi ga fanka tana juyawa?" Na yi maza na cusa takardar a aljihu.

Tawadar tawa ce. Na tarar da guntayen takardunta a kan teburin falo, na ga "sanɗa", na ga "zullumi", sai raina ya sosu. Na ce mata, "Haba Auta! 'Yar gidan nan ce za ta ce ba ta san zullumi ba? Me malamarku za ta ɗauke ni?" Ta ce, "Baba, ai ba a sa suna." Na ce ko ba suna, Allah yana gani. Na yayyaga su a gabanta, na zauna na rubuta mata waɗanda na ga sun dace da martabar gidanmu. Ban buɗe littafin ba, Malama. Ko bangonsa ban taɓa ba. Mahaifiyarta ta leƙo daga kicin ta ce, "Kai dai ka bar yarinya ta yi aikinta," na ce mata wannan fage ba nata ba ne.

Sannan na ɗauki biron nan na rubuto miki ƙorafi, alhali na san abin da na aikata. Na yi zaton ba a zaro nawa ba, ko kuwa an zaro an yi sha'awa. Wannan ya fi komai ƙona ni.

Ina roƙon alfarma guda. Ki ba ni dama ran Alhamis in tsaya gaban aji in wanke 'yata. Na tsara waƙar neman gafara, ga mafarinta:

Ya ku manyan gobe, ku saurara,
Laifin uba ne, shi ne ya tsara.

Sauran baitocin suna nan, ba su da yawa ƙwarai.

Naki cikin nadama,
Mahaifin Auta

*

Zuwa ga mahaifin Auta,

Salam. Don girman Allah kada ka zo. In ka rera waƙar nan a gaban aji, sunan Ƙamus zai bi ta har ɗakin mijinta.

Yaran ni zan ji da su, sun ma fara mantawa. Wanda Auta ke tsoro ba ya cikin ajina. Babi na gaba shi ne na tara. Ka karanta shi tare da ita, ka bar biron a ofis.

Malamar Hausa

*

Zuwa ga Malama,

Gaisuwa mai yawa. Yau ba baiti, na yi alkawari.

Ran Asabar da hantsi muka zauna a falo da littafin. Ta miƙo mini shi da hannu biyu kamar mai miƙa bulala. Ina karantawa da ƙarfi, har da gyaran murya, sai na iso inda tsohon masuncin ya ɗauki mamarinsa ya nufi kogi. Na tsaya cak. Malama, shekaruna duka ina kiwon kalmomi, ban taɓa gamuwa da mamari ba. Bakina ya riga ya fara shirya wata ƙarya mai ado, na ji tana tahowa. Auta tana kallona. Na haɗiye ta.

Na ce, "Auta, ban san wannan ba."

Ta ce, "Kai, Baba?"

Na ce, "Ni."

Daga kicin aka ce, "Alhamdu lillahi, yau na ga rana!" Auta ta toshe baki, amma dariyar ta kufce. Sai ta matso ta ɗora yatsa a kan layin ta ce, "Ba a tsayawa a kanta, Baba. Karanta ta gaba." Na karanta: ya shimfiɗa shi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ta ce, "Ka ga, abu ne mai tsawo. Ci gaba." Ƙugiyoyinsa suna reto cikin ruwa. Ta ce, "Igiya ce mai ƙugiyoyi!" Ta faɗa da muryar da na yi kewa.

Ga guntuwar takarda nan a cikin ambulan, da fensirinta na rubuta "mamari", rubutun kuma ba lanƙwasa. Ki jefa mini ita a gwangwani in ɗan waje yana da izini. Da na yago tawa, na bar sauran takardar da fensirin a kan tebur, na tafi masallaci. Da na dawo daga salla, gefen takardar ya ragu. Ban tambaye ta ba, ba ni da bakin tambaya.

Kin san rubutunta. Ran Alhamis in kin juye gwangwanin, ki duba mini ko akwai tata. Ina roƙonki ki rubuto mini a ranar, ko da kalma ɗaya ce, kada ki bar ni cikin zullumi.

Mahaifin Auta