Yadda Kunyar Ɗan Fari Ta Hana Yaro Aikin Gas

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ɗaukar Matasa Koyon Aikin Gas,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Ni mai sayar da tumaki ne a kasuwar Mai'adua, ƙasar Daura, kuma ban saba kai ƙara ba. Na biyo ka har ofishinka a Kaduna, masinja ya ce ka fita rangadi. Na sake komawa, ya ce kana taro. Shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Da aka sanar a rediyo cewa za a daina ƙona iskar gas a banza a wuraren haƙo mai, za a shimfiɗa bututu, kuma kowane yanki zai ba da 'ya'yansa a kai su Kudu su koyi aikin, na yi murna, ko da yake mun sha jin arzikin man nan a rediyo ba mu gan shi a gida ba. Yaron gidana ya gama firamare, ya daɗe yana walda a wani gareji cikin Daura. Ya ci jarrabawarku ta rubutu, ya ci ta hannu. Saura ganawa da kwamiti kawai, a nan abin ya lalace.

Na farko. Ranar ganawar kuka fito da wata doka da ba a faɗa a rediyo ba: wai saboda muna bakin iyaka, kowane uba sai ya miƙe a gaban jama'a ya kira sunan ɗansa, ya ce shi ya haife shi. Ranka ya daɗe, yaron nan ɗan fari ne. Tun da aka raɗa masa suna ban taɓa kiran sunan da bakina ba, haka ubana ya yi da yayana, haka duk mutumin kirki yake yi a ƙasar nan. Aka tsai da ni a gaban surukaina da abokan kasuwata. Na sunkuyar da kai, na ce yaron gidanmu ne, na nuna ƙanena, baffansa, don ya yi bayani kamar yadda aka saba. Kuka hana shi magana. Nan take kuka yanke cewa uba ya kasa tabbatar da ɗansa, watakila yaron ɗan Nijar ne da aka aro masa uba. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai. A ce baƙin da ke cikin kwamitinku ba su san al'adar ba, na yarda. To, tafintanku fa? Bahaushe ne, Hausarsa ta fi tawa daɗi, na tabbata shi ma da kunyar nan aka raine shi. Ya ga na sunkuyar da kai, ya san dalili, ya kau da fuska yana gyara hula. Kalma biyu da Turanci ta ishe shi ya wanke ni. Me ya hana shi? Kuma wa ya kawo shawarar dokar nan? Wanda bai san mu ba ba zai ƙirƙiro ta ba. Sai wanda ya san sarai cewa akwai iyayen da za su yi shiru.

Na uku. Dagacinmu yana zaune a wurin, an ba shi kujera da lemo, ba a tambaye shi komai ba. Shi ke karɓar harajina, ya ci naman sunan yaron. Ina da dangi a ƙetaren iyaka, ban ɓoye ba, kamar yadda kowa a Mai'adua yake da su. In haka ke mai da mutum baƙo, sai ku kwashe garin gaba ɗaya.

Na huɗu. Gurbin yaron bai kwana babu kowa ba. An ba wani saurayi, an ce ɗan ƙasar Daura ne. Sana'ata ta kai ni Zango da Dutsi da ƙauyukan da mota ba ta shiga, na tambaya ko'ina, ban sami wanda ya san gidansu ba. Mutumin da ya miƙe a matsayin ubansa ya kira sunan da ƙarfi har da murmushi, kuma da idona na ga ya fito daga motar da ta biyo bayan taku. Ban ce kai ka shirya ba, ranka ya daɗe. Amma ka ba ni wata fassarar, don ni na rasa.

An ce bayan kaka za a kwashi waɗanda aka zaɓa. Yaron gidana yana gaishe ni safe da yamma kamar kullum, amma ya daina zuwa gareji, yanzu maganarsa ita ce bin manyan motoci zuwa Legas.

Saboda haka ina roƙo a sake zama kafin tafiyar, a karɓi shaidar dagaci da ta limamin da ya raɗa suna, a kuma bincika ko yara nawa dokar nan ta kayar, don na ji ba mu kaɗai ba ne. In kuwa kun dage sai na faɗa da bakina, zan zo in tsaya a tsakiyar kasuwa in kira sunansa, ko da za a yi shekara ana yi mini dariya. Sharaɗina ɗaya ne: a ranar, uban wancan saurayin ya zo ya kai mu ƙofar gidansa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya haɗa ka da mashawarta masu tsoronsa, ya sa ka gama aikinka ba haƙƙin kowa a wuyanka.

Wassalam.

Naka,
Malam Sule Mai Tumaki,
Mai'adua, ƙasar Daura.