Duwatsun Gonar Baba Yohanna

Zuwa ga Mai Girma Babban Malamin Gona, Mubi.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ni ne Hamman, manomi a Sahuda, wanda ka yi ta kira mutuminka bara. Na rubuto a fili ne domin a fili na ji kunya.

Na farko. Bara da rani ka zo ka ce gwamnati za ta aiko mana da motar noma, amma ba ta shiga gona mai dutse, sai an kwashe duwatsun. Mu kuwa a gangare muke noma, jerin duwatsun da kakanninmu suka ɗora su ke tare mana ƙasa idan ruwa ya sauko. Ni da na yi maka tafinta, rawar kai ta ɗebe ni, na ƙara da cewa maganar gwamnati ba ta faɗuwa ƙasa banza. Tun ƙuri'ar da ta haɗa mu da Nijeriya nake gaya musu haka.

Na biyu. Maƙwabcina Baba Yohanna tsoho ne, ya goya ni ina yaro. Ya ce bai yarda a taɓa duwatsun gonarsa ba, na yi ta masa naci har ya sakar mini. Ni na kira gayya, matarsa ta yi girki, muka kwashe duwatsunsa kaf muka zubar a bakin mayo, wato rafi, ana kiɗa ana guɗa.

Na uku. Mota ba ta zo ba. Na yi ta sintiri ofishinka: yau ta lalace, gobe tana Michika, jibi direba ya tafi biki. Ruwa kuwa bai jira direba ba. Ya wanke gonar tas, dawar da tsohon ya girbe ko jaki ɗaya bai gaji da ita ba.

Ranka ya daɗe, da zagina ya yi da na samu sauƙi. Amma har yau shi ke fara gaishe ni. Yanzu ta bayan gari nake zagayawa don kada in bi ta ƙofar gidansa. Wallahi kunya ta ishe ni.

Roƙona biyu ne, kuma babu mota a ciki, ku riƙe abarku. A ara mana amalanke da shanun da ke ofishinku mu mai da duwatsun kafin ruwa ya sauka. Sannan ka zo ka tsaya inda ka tsaya bara, ka faɗa da bakinka cewa umarnin kwashe duwatsun daga gare ku ya fito, ko a sake jin maganata a garin nan. Makon jiya na kira gayyar mai da duwatsun, na yanka akuya. Ba wanda ya zo sai Baba Yohanna, da gammonsa a hannu.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya sa ka gama aiki da mutuncinka.

Wassalam.

Naka,
Hamman, Sahuda.