Na Cire wa Taubashina Hula a Gaban Manyansa

Malam Badaru, a taimake ni da shawara, wata biyu ke nan abinci ba ya yi mini daɗi.

Ni tsohon dillalin awaki ne a kasuwar Mai'adua, da baki na ci abinci shekara goma sha biyar. Ciniki ya ja baya a shekarar da aka fara Shari'a, sai Harisu, ɗan gwaggona, ya ɗauke ni aiki a wani kamfanin taki da iri a nan Daura, inda yake manaja. Taubashina ne, tabarma ɗaya muka kwana muna yara. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka tun tasowarmu bawana nake ce masa, yana dariya.

Ranar da manyansa suka zo daga Katsina, yana tsaye yana musu bayani, na shigo da lemo. Ban san abin da ya hau kaina ba, na ɗage masa hula, na gaya wa baƙin su yi haƙuri da bawan nawa, bai gama wayewa ba. Ni a zatona na sa wa zaman gishiri. Ko mutum ɗaya bai yi dariya ba.

Washegari aka liƙa takardar dokoki a ƙofa: a rufe ofis lokacin salla, ban da wasa a bakin aiki, kowa a kira shi da muƙaminsa. Ni kuma masinja ya miƙo mini takardar gargaɗi. Masinja fa, Malam, alhali teburin Harisu taku goma ne daga nawa. Yanzu in mun haɗu sai ya gaishe ni da ladabi kamar baƙo, wannan ladabin ne yake kashe ni. Na rubuta takardar ajiye aiki, tana aljihuna. In miƙa?

Tsohon Dillali, Daura

Malam Dillali, kada ka miƙa. In ka fita da fushi, maganar za ta bar ofis ta shiga gidan gwaggonka.

Wasan taubasai gadonmu ne, amma manyan nan ba taubasanka ba ne. Abin da suka gani ma'aikaci ne ya wulaƙanta shugabansa. Dole Harisu ya kafa doka, in ba haka ba gobe kowa ya taɓa hular. Shi ma ya yi kuskure da ya haɗa ka da masinja, ya kamata ya fara kiranka ku keɓe. Sai dai ka lura, bai kore ka ba, kuma yana da iko.

Ka je gidansa ranar Juma'a bayan masallaci. Ka bar zaƙin bakin nan a waje, ka ce ka yi laifi, ka yi shiru ka saurare shi. A ofis ka riƙa ce masa Manaja, da zuciya ɗaya, a gaban kowa. Wasan kuwa kada ka sake farawa, ko a gida. Ka jira ranar da shi zai fara tsokanarka.

Allah ya kawo ranar da wuri, ya daidaita tsakaninku.

Badaru