Inna, Sun Sa Wa Turbarmu Waya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ɗiya ga uwarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Damina huɗu ke nan da muka rasa ki. Na san takardar nan ba za ta iso inda kike ba, masu bibiyata a wannan shafi su za su karanta. To, su karanta. Da ke nake.

Inna, sun sa wa turbarmu waya.

Turbar nan da ta fita ta bayan gidanmu, ta ratsa gonakin gero, ta shiga kurmi, ta haye rafi, ta ɓulla hanyar Dudunni. Kina gaba da ƙwarya a ka, ni ina baya ina mitar ƙaya. Ba ki taɓa wuce itace ba ki gaya mani sunanshi ba. Ga marke, ga kanya, ga faru, ga aduwa. Idan na manta sai ki tsaya cak cikin rana har sai na tuno. Kikan ce, "Rakiya, buɗe idonki. Ran da ba ni nan, wa za ki tambaya?"

Bayan rasuwarki hawan jini ya kama ni. Likita ya ce in riƙa tafiya a ƙasa. Na gwada bakin titi a Kankia, hayaƙin babura ya koro ni. Sai na koma shiga mota duk Asabar, tunda ba makaranta, in sauka ƙauyenmu in bi turbar da hantsi. Aminiyarki Iya Abu ita ke raka ni, da sandarta, tana tafe tana zagin gwiwoyinta.

An yi ta magana. Wai matar aure, malamar makaranta, tana yawo a daji, ba itace ta je yi ba, ba ciyawa ba. Yaya Sani, babban ɗanki, ya zo har gida ya ce mani, "Ki ji tsoron zamanin nan, kuma ki ji kunyar bakin mutane." Zamanin ina tsoronshi, ba zan yi maki ƙarya ba. Ba na shiga sai na tambayi manoman da ke wajen ko lafiya, ba na kuma bari la'asar ta same ni ciki. Bakin mutane kuwa, ba su ke shan maganin hawan jinina ba.

Wata Asabar bayan an yanke gero muka isa bakin kurmi muka tarar da turakun siminti a jere, an ja waya mai ƙaya ta gicciye hanya. Tsamiyar bakin rafi, wadda kike shimfiɗa mayafi a ƙarƙashinta mu sha fura, tana kwance an daddatsa ta. Can gefe hayaƙi na tashi daga ramin gawayi.

Wani mai gadi ya taso ya ce wani Alhaji daga birni ya sayi wurin, mu koma. Iya Abu ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Gonar ya saya, ko hanyar?" Ta sa sandarta ta ɗaga wayar ta ce, "Rakiya, duƙa ki wuce." Na duƙa na wuce, waya ta yage mani zane. Na riƙe mata ita ma ta ratso da ƙyar. Muka bi turbar har ƙarshenta, mai gadin na biye da mu yana magana a wayar salula.

Da na ce zan kai maganar gaban dagaci, Yaya Sani ya roƙe ni in bari, wai ba a ja da irin waɗannan mutane. Ban bari ba. Na bi gida-gida na tattaro tsofaffin matan da kuka yi zamani tare, muka tafi.

Wakilin Alhajin ya zo da takardunshi. Ya tambaya ina tamu takardar da ta nuna akwai hanya a wurin. Iya Abu ta ce, "Ta nan aka kai ni ɗakin miji. Ta nan na je ta'aziyyar uwata. Wace takarda kake so?"

Ni kuma na fara lissafo itatuwan turbar bi da bi, daga kukar bayan gidanmu. Ina cikin yi dagaci ya ɗaga hannu. Na zata tsayar da ni zai yi. Sai ya ce, "Malama, kin tsallake ɗinyar da ke kafin rafi. Na faɗo daga kanta ina yaro." Ya ce gona ta mai gona ce, amma hanya ta riga kowa a wurin, a janye waya yadda jaki da kayanshi zai wuce.

An janye, Inna. Amma kada in yi maki daɗin baki. Tsamiya ta tafi. Farun da kanyar suna cikin shinge, sai dai mu hango su ta tsakanin waya. An kuma aiko wa maigidana, Malam Lawal, cewa ya ja wa matarshi kunne. Ya ce wa ɗan aiken, "Da iznina take zuwa. Ranar da na samu sarari har da ni."

Yanzu mu tara ne ke fita, har da wasu cikin masu yi mani dariya. Na san cikin masu karanta wannan akwai wanda zai kai labari inda ya saba kaiwa. Ya kai. Ya ƙara da cewa Asabar ba ta ƙarewa, kuma ina da zannuwa da yawa.

Satin da ya wuce rafi ya kawo ruwa. Wani zalɓe na tsaye kan dutse ko motsi ba ya yi, fakara kuma suka tashi fir daga cikin sabara. Na juya zan ce maki ki duba. Inna, har yanzu ina juyawa.

Gwiwoyin Iya Abu sun ƙi. Wannan karon a bakin kurmi ta zauna ta jira mu. Da na ce mata zan rubuto maki, ta ce kada in tsawaita, ni ban iya ba da labari ba, ta kusa zuwa ta ba ki da bakinta. Na ce mata ba mu shirya ba tukuna.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya yalwata makwancinki, Ya sanyaya shi, Ya sa ki cikin inuwar da ba mai sare ta. Ya bar mana Iya Abu ko da 'yan damina kaɗan ne. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Rakiya