Bangon da Kuka Binne a Rafinmu

Zuwa ga Shugaban ma'aikatan da suka datse rafin fadamarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ranka shi daɗe, ni manomin albasa ne daga wajen Dandin Mahe. Na yi ta sintiri ofishinku ba a bar ni na gan ka ba, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Na farko. Mutanenku sun haƙa rami ya ratsa rafin, suka gina bango a ciki suka binne. Suka ce zai tsare ruwan da ke tafiya ƙarƙashin yashi, kowa ya samu na noman rani. Mun yi murna, har fura muka kai musu. Ba wanda ya gaya mana cewa mu da ke gangaren bangon, wannan ruwan ne rijiyoyinmu ke sha. Da can tsayin mutum ake haƙawa a tarar da ruwa. Yanzu na ƙara wa tawa zurfi har na gaji, busasshen yumɓu kawai nake fitarwa.

Na biyu. Kan bangon da kuka bari a waje ya tare yashi har rafin ya cike. Ruwan damina ya rasa hanya, ya karya ta gonar yayana Garba, ya binne ta da yashi. Dattijon nan ya yi ta kwasa da kwando har bayansa ya riƙe. Yau sai an tayar da shi zaune. Mu kuma lakar da ambaliya ke shimfiɗa mana, wadda ita ce takinmu, ba mu ƙara ganinta ba.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Mutanen da ke sama da bangon sun samu ruwa, suna gadin bangon; matasanmu na cewa a fasa. Surukan juna ne, amma ko gaisawa sun bari.

Roƙona ka zo da kanka ka duba, a buɗe wa ruwan kafa tun ba a zubar da jini ba. Ni kam na fid da rai. Irin albasar da na gada wajen mahaifinmu, bana na damƙa shi ga wani mutumin Bodinga, don kada ya mutu a hannuna.

Allah shi yi maka jagora, shi sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Sanusi, ƙanen Garba.