Makullin Tsohuwa

Kaduna, Nuwamba 1957

Zuwa ga aminina Jimoh Ajani,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Kuburat da yara, da aikin gareji.

Ka san an sa ranar auren ƙanwata Firisila. Baba ya riga ya gaya wa dangin ango cewa a cikin jar motata za a ɗauko amarya daga coci a Jos, a kai ta ƙauyensu can ƙasan Hawan Kibo. Ofis ba su ba ni hutu ba, saboda haka ƙanena Gyang zai tuƙa. Ka wanke motar, Tsohuwa, ka sauke mata rufi, ka ba shi makulli.

Naka,
Charles Jang

*

Dutse Uku, Jos

Oga Charles,

Na gaishe ka da aiki. Muna lafiya, Kuburat tana gaisuwa.

Maganar mota ce ba ta yi mini daɗi ba. Tun ranar da Baturen kuza ya sayar maka da ita hannuna ke cikin cikinta, har agogon mil ɗinta ya cika ya sake daga fari. Inji lafiya lau, kukanta ma ya fi na da. Birki ne matsala. Robar da ke riƙe man birki ta ci, sabuwar da na aika Ikko a kawo ba ta iso ba. Jiya na gwada ta a gangaren Abattoir, ƙafata ta tafi har ƙasa, saura kaɗan na shiga cikin shanun mahauta.

Gyang kuwa lori ya saba ja. Oga, tsoro nake ji. A nemi wata mota.

Naka,
Jimoh

*

Kaduna

Jimoh,

Bayan gaisuwa. Yaushe birkin Tsohuwa ya taɓa zama daidai? A taka, a saki, a sake takawa, a sauka da giya ta biyu. Haka na sha sauka Hawan Kibo da ita, kana zaune a gefena kana salati. Ka koya wa Gyang.

Ba ka san Baba ba ne. Dangin ango sun daɗe suna kallonmu kamar marasa komai. Motar nan ce abu ɗaya da yake ɗaga kai da shi, ya kuwa yi magana a gaban dattawan coci. Ba zan sa ya janye ba. Motata ce, ƙanwata ce. Ka ba da makulli, kada in sake ji.

Charles

*

Dutse Uku, Disamba

Oga Charles,

Ina gaisuwa, in za ka amsa.

Na bi umurninka. Baba da kansa ya zo gareji, ni kuwa ba zan iya ce wa dattijo a'a ido da ido ba. Na durƙusa na miƙa masa makulli. Safiyar biki Gyang ya murɗa, ya murɗa, Tsohuwa ta yi shiru. Aka tura ta har bakin titi da furanninta, ba ta ko yi tari ba. A ƙarshe a gaban lori aka sa Firisila, da farar rigarta, tana kuka. Dangin ango sun yi dariya, na ji da kunnena. Amarya da 'yan rakiya sun isa lafiya.

Baba ya ce na tozarta shi, kada in ƙara taka ƙofarsa. Bai san rabin zancen ba. Buɗe ƙunshin da ke cikin ambulan ɗin nan. Ɗan baƙin abin da ke raba wa fulogin Tsohuwa wuta ne, in babu shi ba ta tashi. A aljihuna ya yi bikin.

In ka ga dama ka aiko a ɗauke motarka.

Naka har yanzu,
Jimoh

*

Kaduna

Jimoh,

Ina amsawa. Na daɗe zaune da abin a tafin hannuna. Firisila ma ta rubuto, ta ce ko lorin da ƙyar ya tsaya a kwanar ƙarshe.

Ga shi na mayar maka. Kada ka sa shi sai roba ta iso. Na rubuta wa Baba cewa ni na ce ka cire.

Gai da Kuburat.

Amininka,
Charles